Hotunan Usta Bashir

A gidanmu na Aƙiƙ, nan Madina, saman soro muke taruwa bayan sallar isha'i. Kakarmu Hajiya Dije takan ajiye kaskon gawayi, ta ɗora butar shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Da Hausa take ba da labari, mu kuwa rabin tambayoyinmu da Larabci ne. "Yalla, ku matso," in ji ta, "tatsuniya ta iso, ba ta jiran mai gyangyaɗi."

Akwai ɗaya da ba na son ta ɗauko, don ba ta ƙarewa da daɗi. Wai wata tsamiya ce a kan hanyar fatake, inda masu raƙuma ke yada zango. Wanda raƙuminsa ba shi da lafiya sai ya faɗa, wannan ya ce ga ganyen da za a daka, wancan ya nuna yadda ake ɗaure ƙafa. Ba mai karɓar komai. Sai wani attajiri ya ga taron, ya je ya saye gonar da tsamiyar take ciki. Ya kafa rumfar magani, ya hana kowa faɗin abin da ya sani, ya sassare rassa don a hango rumfarsa daga nesa. Fatake suka canza hanya.

"To sai me, Kaka?"

"Sai me kuma? Halas. Raƙuma suka riƙa mutuwa a daji."

"Attajirin fa?"

"Ya sayi wata tsamiyar," in ji ta, tana fifita gawayi da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi.

Na girma na zama direba, ina kai masu ziyara wurare. Amma zuciyata na kan wata tsohuwar mota da na gada daga babana. Ita ta kai ni wani zaure na intanet na masu son tsofaffin motoci, inda Hausawan Sudan da Nijar da Chadi da mu haifaffun nan muke cakuɗa Hausa da Larabci. A can na san Usta Bashir, wani dattijon makanike ɗan Chadi. In ka yi tambaya, sai ya kwance injin a garejinsa, ya ɗauki hoto mataki-mataki, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Ya taɓa ce mini, "Ɗana, kada ka sayi sabo. Wanke na cikin, zai tashi." Ya kuwa tashi. Da ya rasu, muka yi ta ta'aziyya a ƙarƙashin hotunansa.

Sai wanda ya kafa zauren ya gaji, ya sayar wa wani kamfanin kayan mota. Suka ce ba abin da zai canza. Talla ta rufe ko'ina. Ka ambaci kayan gwanjo, a goge maganarka. Tsofaffinmu suka zame ɗaya bayan ɗaya, aka bar baƙin sunaye suna yabon man inji.

Ranar da motata ta mutu a hanyar Badr, rana na dukana, na buɗe waya na nemi bayanin Usta Bashir. Rubutun na nan: "Duba nan, wannan za ka kwance." A ƙasansa kuwa, fanko. Sun share tsofaffin hotuna duka, wai suna gyaran shafi. Na tsaya a bakin titi ina ta sake buɗe shafin, na ma manta da motar.

Da ina yaro na ɗauka ƙeta ce ta sa attajirin Kaka ya sare rassan nan. Yanzu na gane bai ma san akwai abin da yake kashewa ba. Kawunan mutane kawai ya gani. Wannan ya fi ƙeta ƙona mini rai.

Kwanan baya Yusuf, ɗan Usta Bashir, ya same ni. Ya ce babansa ba ya yarda a ɗauke shi hoto, hannayen nan nasa na cikin hotunan zauren su ne kaɗai suka rage musu. "Yaya, ko ka ajiye wani?" Ban ajiye ba. Wa zai yi zaton za a taɓa su? Muka tura wa kamfanin roƙo tare, muka yi bayanin ko wane ne mutumin, muka ce ko guda ɗaya a ba marayansa.

Sun amsa. Sun gode mana da kasancewa cikin iyalinsu, suka haɗa mana da rangwamen man inji.