Yayana Cikin Siket ɗin Girkawa

A shekarar da aka yi gasar Olamfik a China, biza ta yi tsauri. Yayana ya ƙi motsawa daga Guangzhou, wai in ya fita ba za a bar shi ya koma kan harkar takalmansa ba. Mahaifiyarmu kuwa tana Kano, ciwo ya ci ƙarfinta, idonta ma ya fara dushewa. Da zan tafi can saro jakunkuna, abu ɗaya ta roƙe ni: "Tunda ba zai zo ba, ka kawo mini hotonsa in gan shi."

Hoto fa kawai! Ya sa babbar riga da hula a ɗauka, shi ke nan. Ina! Ba yayana ba, sarkin son a sani. Ya ja ni wani shagon hoto a unguwar Xiaobei, inda wani ɗan China ya rataye kayan gargajiyar Girkawa, wai daga ƙasar Girkawan gasar Olamfik ta samo asali. Farin siket mai tattara iya gwiwa, irin na 'yan matan firamare, da 'yar falmaran, da doguwar safa, da takalmi mai tuntu a hanci.

Na ce, "Yaya, Hajiya fa za a kai wa."

Ya ce, "Kai baƙauye ne. Kayan mazajen yaƙi ne wannan."

Mai hoton yana ta zuga shi da "laoban, laoban," wato maigida, yana gyara masa siket. Yaya kuwa, ƙato da shi, ga tumbi, ya riƙe ƙugu yana hararar bango. Ya kuma zaɓi a yi hoton baƙi da fari, wai ya fi aji. Takaici ma ya hana ni dariya.

Da na dawo Kano na kai wa Hajiya hoton a firam. Ta kawo shi dab da idonta, ta juya shi wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan matar wace ce?"

"Yaya ne, Hajiya."

"Kai dai ba ka rabo da shashanci. Wannan ai hoton mutanen da ne, duk sun mutu. Ba ni na ɗana."

Na buga masa waya, ya ce zai sake wani in kasuwa ta ɗan lafa. Hajiya ta rasu tana tambayar hoton ɗanta. Shi kuma bai iso ba sai bayan sadakar bakwai.

Ya ɗauke hoton daga ɗakinta ya kafa a falonsa. Har yau in na shiga raina sai ya ɓaci. Yana nuna wa baƙi, yana cewa Hajiya ta gan shi kafin ta rasu.