Baba Kaumi da Sudar Cikin Sarƙaƙƙiya

Rana ba ta fitowa sai ta tarar da Baba Kaumi ya jingine kekensa a bakin ɗan gandun dajin da ke hanyar Damagum. Mai gadin gandun ne tun ina yaro. Sauran masu gadi sawun masu gatari suke fara dubawa. Shi kuwa sai ya tsuguna gaban sarƙaƙƙiya, ya yi tsit kamar mai jiran limami ya tayar da salla. Wannan tsugunon ya daɗe yana ɗaure mini kai, har ran nan na bi shi na tambaya.

"Suda nake gaisarwa, ɗana," in ji shi.

Duk mun san sunan suda, amma mu nawa ne muka taɓa ganinta? A wurinsa na ji cewa ba ta son ƙolin bishiya. A ƙasa-ƙasa take kiwo, tana tsalle cikin busassun ganye tana tsintar fara da tsutsa. Sheƙarta 'yar mitsitsiya ce, da saiwoyi da ciyawa, ta ɗaure da saƙar gizo-gizo, can cikin ƙaya inda hannu ba ya shiga. Ya ce kafin ka gan ta sau ɗaya ka ji fitonta sau ba adadi. Da na karanta cewa masana ba su sa ta cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu ba, na kai masa labari da murna. Ya ce ya gode Allah. Sai dai kurmin da ya sani a bayan unguwar Yindiski duk ya zama gonaki da gidaje, ya rage wannan ɗan gandun.

Gogo mai itace shaida ce. Ta ce shekara da shekaru yana nuna mata busassun rassa, har ya taya ta ɗauri, amma ranar da ta kai lauje gindin sarƙaƙƙiya sai da ya bi ta har titi da magiya. "Namiji da gemu yana roƙo saboda tsuntsu! Kunya ta sa na bari."

Baba Kaumi, kai ne mai gadin abin da ba a ba ka gadinsa ba. An ce ka tsare bishiyoyi, ka haɗa da ƙayar da ke gindinsu.

Bana ya ajiye aiki, kuma saura kaɗan ƙaunarmu ta rushe abin da ya tsare. Ƙungiyar matasan Dogo Tebo, unguwarsu, ta shirya masa gayya a ɓoye: za a share gandun tas, a ƙone ƙaya, a shimfiɗa tabarmi a yi masa walima a inda ya yi hidima. Mu dai a wurinmu shara ita ce girmamawa. Suka iso da adduna da manjagara, daidai lokacin da suda ke kan ƙwai.

Ya tare hanya da kekensa. Bilyamin, shugabansu, ya ce, "Baba, gyara za mu yi maka, wurin ya yi datti."

"Dattin nan gidan wani ne, ɗana. In don ni kuka zo, ku kai tabarmin bakin titi."

A bakin titin aka ci shinkafar walimar, manyan motoci na ta wucewa. Wasu sun ji haushi, ban ga laifinsu ba. Sarƙaƙƙiya dai tana nan.

Bayan an watse muka koma ciki ni da shi. Can sai fito ya tashi daga cikin ƙaya, siriri, yana gangarowa a hankali. Na juya in ga murnarsa, na tarar ni yake kallo.

"Ta yi kuka?"

Ashe kunnensa ya daɗe da yin nauyi. Maganar mutum yana kamawa in an ɗaga murya, amma siririn sauti ya ɓace masa, bai kuwa gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da tsare waƙar da shi ba ya ji. Na ce ta yi, Baba. Wallahi sai da na kau da kai, idona ya cika.

Mun gode, Baba Kaumi. Allah ya saka maka, ya ƙara lafiya. Mu kuma da ya bar wa gandun, mu riƙa leƙa gindin ƙaya kafin mu ɗaga adda. Wanda duk ya bi hanyar Damagum ya ji suda, don Allah ya biya Dogo Tebo ya gaya wa tsohon nan. Ya ɗaga murya sosai.