Yadda ɗiyata ta hau da ni dutse mai aman wuta

Shekarun baya, lokacin babbar ɗiyata tana da shekara goma, ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da wani littafi a hannu, ko takalmi ba ta cire ba ta same ni ina tuƙa tuwo. Ta buɗe mini hoton wasu duwatsu kore shar, a jere kamar an kife ƙore, wasu da rami a ka. Ta ce madam ɗinsu, malamar ajinsu, ta ce duwatsu ne masu aman wuta, kuma a nan Faransa suke, a yankin Auvergne. Na ce to Allah ya raba mu da su. Ta yi dariya, ta ce ai sun daɗe da mutuwa, tumaki ma ke kiwo a kansu. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta: so take ta hau ɗaya da ƙafarta, ta leƙa cikin ramin.

Ga wanda bai san mu ba, ɗiyar nan tawa da ciwon sikila aka haife ta, wanda mu a Damagaram muke ce wa emasi. A Sevran muke zaune, hawa na bakwai, kuma na san hanyar asibiti fiye da yadda na san hanyar kasuwa. Ni ce uwar nan da ke rubuta wa madam takarda duk lokacin da za a kai yara iyo ko yawon buɗe ido, in ce ɗiyata ba za ta je ba. Keke ma sai da aka yi da gaske na bari ta hau, shi ma ina bin ta a baya da rigar sanyi. Saboda haka ban ko tsaya tunani ba na ce a'a.

Ba ta yi kuka ba. Ta jira na shiga wanka ta ɗauki wayata ta kira kawunta.

Yayana a Lyon yake, direban bas ne, kuma shi dangi ke yi wa dariya saboda duk hutu sai ya kwashi iyalinsa sun tafi kwana a tanti. Mahaifiyarmu takan ce mun baro bukka a ƙauye, shi kuma ya zo ƙasar Turawa yana neman ta ido rufe. Da yamma ya kira ni, muka gaisa, ya tambayi maigida da aiki da yara, sannan ya ce ya ji an kawo ƙarata. Bai yi mini gardama ba. Ya ce in je in tambayi likitarta, in ta hana shi ke nan, shi da kansa zai ba yarinyar haƙuri.

Na tafi asibiti da ƙarfin gwiwa, don na tabbata za a hana. Likitar ta saurare ni har na gama, ta dubi sakamakon jininta, ta ce waɗannan duwatsun ba su kai tsawon da za a ji tsoro ba. A ba ta ruwa sosai, kar sanyi ya kama ta, a tafi sannu, in ta ji ciwo a sauko. Ta rubuta mana takarda da sunan asibitin da ya fi kusa da wurin. Na fito raina a ɓace, shaidar da na kira da kaina ta ba da ni. Ɗiyata kuwa tun daga ƙofar asibiti har tashar jirgin RER tsalle take yi.

Maigidana yana da shago a Saint-Denis, kuma ban taɓa ganin ya rufe shi ba sai ranar Salla. Amma wannan karon shi ya fi yaran ɗoki. Ya aro tanti, ya ce sai ya gwada kafa shi tukuna kar mu ji kunya a gaban mutane. A tsakar falo ya kafa shi, bayan ya ture kujeru, ya yi awa guda yana gumi yana karanta takardar a juye. Da ya tsaya, yaran suka shige suka ƙi fitowa. Naɗe shi kuma ya gagare mu, kwana biyu muna raɓa shi in za mu wuce.

Da babban hutu ya zo muka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, ni da maigida da 'yan matanmu biyu. Muka kwana gidan yayana, da safe muka ɗau hanya a mota biyu, shi da matarsa da 'ya'yansu uku a gaba, mu a baya cikin motar da ya aro mana. Muna dab da Clermont-Ferrand duwatsun suka bayyana, ɗaya bayan ɗaya, babbansu da dogon ƙarfe a ka. Ɗiyata ta manna fuska a gilas tana kiran sunayensu da Faransanci kamar 'yan ajinsu ne. Ƙanwarta, mai shekara shida, ta tambaya ko in dutsen ya farka zai jira mu gudu. Babansu ya ce zai jira, ai ya san mu baƙi ne.

Wurin da muka sauka fili ne mai ciyawa a bakin wani tafki, kowa da tantinsa. Maƙwabtanmu wasu tsofaffin Turawa ne, mata da miji, abincinsu gaba ɗaya cikin ƙaramar jaka ɗaya. Ni kuwa na sauke tukunya biyu, shinkafa, kilishi, yaji, soyayyen nama, da barguna har shida. Matar yayana ta riƙe ciki tana dariya, ta ce ko biki za a yi. Amma da na ɗora miya a kan gaz ƙamshi ya bi iska, sai ga tsohuwar nan ta taso tana tambayar mene ne wannan. Da faranti ta koma. Muka yi sallar la'asar a kan ciyawa, yara na guje-guje ba takalmi, ni ma na ji wani daɗi ya ratsa ni duk da fargabar da ke cikina.

Washegari da sassafe muka nufi dutsen da za mu hau. Yayana ya zaɓi wanda ya ce yara na iyawa, mai rami a ka kamar na cikin littafin. A jakata akwai kwalbar ruwa huɗu, shayi a tarmos, bargo, rigunan sanyi biyu, magunguna, ma'aunin zafin jiki, takardar likita da abinci. Yayana ya ɗaga ta ya ajiye, ya tambaye ni ko ƙaura zan yi. Maigida ya ce in ba shi ya ɗauka, na ƙi. Na fi so maganin ya kasance a bayana.

Farkon hanyar cikin daji ne, inuwa da sanyin safiya, ƙasa ja-ja mai ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Yaran suka gano tsakuwar wurin ba ta da nauyi, duk ramuka kamar soso. Ɗiyata ta tara su tana bayani, wai wuta ce ta tofo ta daga cikin ƙasa ta bushe. Ƙaramar ta cika aljihu, kawunta ya sa ta zubar, ya ce in kowa ya ɗiba dutsen zai ƙare. Kowa na nishaɗi ban da ni. Taku goma sai na tambayi ɗiyata ko akwai inda ke mata ciwo. Taku goma sai na miƙa mata ruwa. Ta yi ta amsawa da haƙuri, har ta daina amsawa, sai dai ta girgiza kai.

Muna fita daga cikin itatuwa hadari ya taso. Iska mai sanyi ta kaɗo, yayyafi ya fara. Ina cikin zaro rigar sanyi na waiga na ga ɗiyata ta zauna a kan wani kututture ta dafe gwiwa. Duk wadda ta yi jinyar mai sikila ta san wannan zaman. Na zube jakar a ƙasa, na fito da bargo da magani, na ce wa maigida ya goya ta mu koma mota yanzu yanzu.

Ta ɗago ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mama, na san ciwona. Ba shi ba ne. Gajiya ce, irin ta kowa."

Na ce ba ta sani ba, yarinya ce.

"Shekara goma muna tare da shi. In ya zo ni zan fara faɗa miki, wallahi. Kar ki mai da ni daga nan, ga shi can ina gani."

Babanta ya tsuguna ya taɓa goshinta, ya dubi idonta, ya ce a ba ta minti goma. Aka sa mata rigar sanyi, ta sha shayi, yayana ya tattara sauran yaran ƙarƙashin wata itaciya yana ba su kilishi. Na tsaya ina kallon agogo ina kallon fuskarta. Kafin mintin su cika yayyafin ya ɗauke, rana ta leƙo, ta miƙe ta buga ƙafa a ƙasa sau biyu don in gani. Duk suka juyo suna kallona. Ban san lokacin da na ce mu je ba.

Ragowar hanyar matakala ce ta katako, doguwa, a jikin dutsen, ba itace ko ɗaya. Yaran suka yi gaba suna ƙirga matakan, rabi da Hausa rabi da Faransanci. Na bi su ina haki, jakar na ja na baya. Can wajen tsakiya na yi kuskuren waiwayawa. Na hango dajin da muka ratso ya koma kamar shukar gero, motoci kamar ƙwari. Kaina ya juya. Shekara talatin da takwas a duniya, zama a hawa na bakwai, ban taɓa sanin ina tsoron tsayi ba sai ranar. Na zauna daɓas a kan matakala na rungume ƙarfen gefe, na ce ko sama ko ƙasa ba inda za ni. Turawa na wucewa suna tambayar ko lafiya, ina ɗaga musu hannu ido a rufe.

Maigida ya zare jakar daga bayana, yana ƙoƙarin ɓoye dariya. Yayana bai ma ɓoye ba. Sai na ji ƙaramin hannu a cikin nawa. Ɗiyata ce, ta sauko duk matakan da ta riga ta hau.

"Mama, kar ki dubi ƙasa. Ja numfashi ta hanci, ki ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali. Haka ake sa ni yi a asibiti. Yanzu dubi matakala ɗaya kawai, wadda ke gabanki."

Haka muka hau. Ita a gaba tana ƙirgawa, ni a baya ina salati. In na tsaya ta tsaya. Sau ɗaya ma ta miƙo mini kwalbar ruwa ta ce in sha, da irin muryar da nake mata magana, har babanta ya fashe da dariya.

Da muka isa sama na buɗe ido sosai. Rami ne babba a gabanmu, zagayayye kamar akushi, cikinsa ciyawa lif, tumaki 'yan ƙanana can ƙasa suna kiwo abinsu. Ko ta ina ka juya duwatsu ne a jere har inda ido ya tsaya, inuwar gajimare na tafiya a kansu. Iska na neman ɗauke mini kallabi. Sauran yaran suna ihu suna jiran ramin ya amsa musu. Maigida ya cire hula yana ta tasbihi. Ɗiyata kuwa ta taka har bakin ramin ta tsaya, hannu a aljihu, ta daɗe tana kallo. Da ta juyo fuskarta duk haske. Ta ce, "Na hau." Ni ma na ji ina so in yi guɗa, kuma na yi, a kan dutsen mutane, har wasu Turawa suka tafa.

Mun sauko lafiya. Ɗiyata ta ci shinkafa faranti biyu, ba zazzaɓi, ba ciwo. Washegari wadda ta kasa tafiya ni ce. Cinyoyina suka riƙe, ina tafiya kamar agwagwa, har tsohon maƙwabcinmu ya ara mini sandarsa. Sauran kwana biyun a bakin tafki na yi su, ina gadin tukunya, su kuma suka ƙara hawa wani dutsen ba ni.

Ba zan ce muku ciwon ya tafi ba. A hunturun shekarar ya tashi, muka yi mako a asibiti, kuma a cikin ɗaki ya same ta, cikin bargo, taga a rufe, ina zaune kusa da ita. A wannan makon na yi ta tunani. Duk tsaron da na yi shekara goma bai hana shi zuwa ba, abin da ya hana kawai shi ne yarinyar ta yi wasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ban taɓa yarda ta san jikinta ba, sai da na gan ta tana lallashina a jikin dutse.

Tsoron bai bar ni ba har yau, na dai koyi riƙe bakina. Bara ajinsu suka yi tafiyar kwana biyar, ni na sa hannu a takardar. Ta haɗa maganinta da kanta, ban buɗe jakar na duba ba, na raka ta tasha. Na ce mata Allah ya kiyaye hanya. Sai da jirgin ya ɓace na samu benci na zauna na yi kukana, na share fuska, na tafi aiki.