Kwali Uku a Jakar Tsohuwa

'Yar tela ce, kakarta ta raine ta, irin rainon nan da ba a kallon babba a ido. Da ta gama karatun likita aka tura ta ƙaramin asibitin unguwa, ta koyi duba iyali a hannun babban likita. Jini bai dame ta ba, gawa ma haka. Amma tsoho ya zauna ya jingine sandarsa, shi ke nan harshenta ya ɗaure. In ya ce da sauƙi sai ta yarda, ko da yana haki kamar wanda kare ya koro.

Wata tsohuwa mai hawan jini ta zo, sabuwar likitar ta rubuta mata ƙwaya ɗaya kullum. Ba a jima ba 'ya'yanta maza uku suka shigo da ita ranga-ranga, jinin ya yi ƙasa warwas. Babban likita kuwa ba ya nan. Sai yarinyar ita kaɗai. A ranta cewa take ita ta kashe uwar mutane, da ƙyar ta sami jijiyar ƙarin ruwa.

Da tsohuwa ta farfaɗo, jakarta ta fara lalube. Likita ta riga ta, ta yi abin da ba ta taɓa yi wa babba ba, ta zazzage jakar a kan gado. Sai ga kwali uku, kala daban-daban, magani iri ɗaya. Ashe kowane ɗa ya sayo nasa, kada a ce ɗan'uwa ya fi shi son uwa.

"Mama, duka kike sha?"

"To na wa zan ƙi, 'yar nan? Duk ni na haife su."

Likita ta sami 'ya'yan a baranda. Babbansu ya girmi ubanta, gemu fari fat, har ya fara cewa ai dama bai yarda da likitar da ba a gama yaye ta ba. Ta ɗaga kai ta kalle shi. Ta miƙa masa kwali ɗaya, ta ce shi kaɗai zai riƙa bayarwa, sauran su nemi wani abin yin gasa, in ba so suke su binne uwarsu ba.

Tsohuwa ta koma gida da ƙafarta. Har yau muryar likitar na rawa in za ta ce, "Baba, buɗe jakar in gani." Amma ba mai tashi daga kujerar nan sai ya buɗe.