Inda Zaren Alama Ya Tsaya

Mai Ɗinki ake kiransa, amma bai taɓa ɗinka riga ba. Littattafan addini na 'yan coci yake gyarawa a wani lungun shago mai warin gam. Ya kwance bango, ya jera takardu, ya bi su da allura.

Sana'ar ta koya masa gulma ba tare da ya tambayi kowa ba. Shafin da mutum ke so yakan yi baƙi da dattin yatsa. Wuraren jinƙai da yafiya duk sun sha hannu, amma inda aka ba da umarnin hallaka gari har da jarirai fari fat yake, kamar yau aka buga. Kafin gam ya bushe sai ya karanta fararen shafukan, kuma abin yana damunsa. Ya taɓa tambayar fasto yadda mai hana kisa zai umarci kisa. Fasto ya ce akwai asirin da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Ya yi godiya ya koma shago, bai gamsu ba, bai kuma daina zuwa coci ba.

Wata rana 'yarsa ta kawo nata littafin, bango ya rabu. Mijinta ya taɓa kaɗe mutum da mota cikin maye, bayan nan ta haifi yaro kurma. Da Mai Ɗinki ya buɗe littafin, sai ya ga shafin da ya fi baƙi shi ne inda aka ce laifin uba zai bi 'ya'ya har jikoki. Zuciyarsa ta karye.

Ya nemo mata wani wurin, inda aka ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba.

"To Baba, wanne ne gaskiya?" ta ce.

"Ban sani ba, 'yata. Ni dai zare ɗaya nake ɗinke su da shi."

Da ta tafi ya riƙe baƙin shafin ya daɗe. Reza na kusa, kuma shi gwani ne, zai iya cire shi ba a gane ba. Amma ta riga ta haddace shi, me yankan zai hana? Ya mayar da shi ya ɗinke, ya liƙa sabon zaren alamar shafi, ya kwantar da shi a wurin da ya nemo mata.

Ta zo karɓa da yaron a hannu. Ta buɗe, ta ga inda zaren ya tsaya.

"Baba, kai ka sa shi a nan, ba Allah ba."

"Ni ne," ya ce, yana shafa kan jikansa. "Na Allah ban san yadda zan yi da shi ba. Amma ni ma uba ne mai laifi, kuma ko sau ɗaya ban taɓa so ki biya ba."

Ta rufe littafin, ta bar zaren inda yake.