Mai Karanta Takardar Ƙosai

A kasuwar Tsanyawa, bana da kwanon gero ya gagari mai iyali, wani magidanci yana tsugune gaban tsohuwa mai ƙosai. Rigarsa ta sha faci, tafin hannunsa duk kantar fartanya. Ba ƙosan yake kallo ba, takardun naɗewa yake bincikawa. Shafuka ne da tsohuwar ke yagowa daga wani littafin zane na Turawa, labarin jarumin da ke ɗaga dutse da hannu ɗaya.

"Inna, wancan makon kin naɗo mini inda aka kashe shi," in ji shi. "Mashi a ƙirji, jama'a na ta kuka. Wallahi har gona abin ya bi ni."

"Malam, ni dai yaga nake yi," ta ce.

Ba na jin yana karanta Turanci, hotunan yake bi da yatsa. Wataƙila ya raka gawa da yawa bana, ba ya son ƙari.

Can sai ya ɗaga wani shafi da ya jiƙe da mai, ya haska shi da rana. Ga jarumin tsaye, yana dariya.

"Alhamdu lillahi! Ashe suma ya yi!"

Ya ninke takardar ya sa cikin hula, ya miƙe yana murmushi.

Ni da ke bayansa na lura daga ƙarshen littafin tsohuwar ke yagowa tana yin gaba, wato wannan shafin kafin mutuwar ne. Na buɗe baki zan gaya masa, sai na cusa ƙosai.