Ranar da Na Ƙi Yin Maneji

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, ban ga yadda zan manta da ranar da na fitar da ɗalibaina daga aji a Madarunfa ba. Lokacin ina malamar kwantiragi, ina koyar da Ingilishi a wani kolej. Ɗan kwantiragi ba ya ɗaga murya, don magana ɗaya daga darekta ta isa a wurga shi ƙauyen da mota ba ta zuwa. Ni kuwa mahaifiyata na kwance a gida, ni ke jinyarta, saboda haka zama a garin shi ne komai nawa.

Da muka dawo daga hutun damina, na tarar bangon ajina ya tsage daga sama har ƙasa, hannuna na shiga ciki. Katakon rufin kuma an tokare shi da gungume. Na je na faɗa wa darekta. Ko kai bai ɗago ba ya ce, "Madam, ba siminti. A yi maneji."

Wallahi kalmar nan ta daɗe tana ci mini rai. Yayyena suka fara kawo ta gidanmu daga ciranin Najeriya. Tuwo ba miya, maneji. Taya ta suɗe a hanyar Ɗan Issa, maneji. To, na haɗiye na shiga ajin. Ran nan wata babbar mota ta wuce bayan katanga, sai ƙasa ta zubo shaa a kan wata yarinya da ke jikin bangon. Ko ihu ba ta yi ba, ta kakkaɓe ɗankwalinta ta ci gaba da rubutu. Abin da ya ƙona ni ke nan, wai ƴar wannan ma har ta saba.

Na ce, "Ku tashi! Ku ɗauko allo." Muka yi gindin bishiya.

Ba a jima ba sai ga darekta yana huci. "Madam, mi ke nan? Wa ya ba ki izini?"

Na kira shi yadda muke kiran malamai maza da Faransanci, na ce, "Darasi muke, Mushe. Ku zauna in kuna so."

Na rubuta kalmar Ingilishi manage a allo, na ce wa yaran ga uwar manejin da suke ji kullum. Turawan Ingila ma aro suka yi daga Italiya, can kuwa tushenta hannu ne, wato riƙe linzamin doki a bi da shi inda ake so. Daga nan ta zama tafiyar da aiki, shi ya sa ake cewa manaja. Tana kuma nufin cin nasarar abu mai wuya. Sai can ƙarshe take nufin lallaɓawa da abin da bai isa ba, kuma wannan ta ƙarshen muka fi rungumewa.

Na juyo na ce, "Mushe, linzamin na hannunku. Ni dai ba ni mayar da ɗiyan mutane ƙarƙashin wancan bango."

Bai yi faɗa ba. Ya matso ya ce a hankali, "Tsohuwarki ba ta da lafiya. Ki yi tunani."

Na gane nufinsa sarai, barazanar tura ni ƙauye yake. Na ce, "Na yi."

Kafin hutu na gaba aka mayar da ni wani ƙauye can bayan Gabi. Ƙanwata ta karɓi jinya, ni sai ƙarshen mako nake hawo babur ɗin kabu-kabu in zo. Malamin da ya canje ni ya koma da yaran cikin ɗakin. Bangon kuma bai faɗi ba! Yana nan tsaye har aka rushe shi da hannu bayan shekaru. Abokan aiki in sun gan ni sai su ce, "Madam Maneji, ina bangonki?"

Wata Laraba ina cikin darasi aka aiko cewa jikin mahaifiyata ya tsananta. Kafin in samu babur in iso, an riga an kai ta makwancinta.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau abin na yi mini ciwo. Amma ranar nan ta koya mini cewa in ka ƙi abu don tsare rai, kada ka jira bango ya faɗi kafin ka yarda kana da gaskiya, kada kuma ka zaci ƙin zai zo maka a sauƙaƙe. Ni ya ci mini ganin ƙarshe da uwata. Duk da haka, ko gobe aka nuna mini irin ɗakin nan, ba zan shiga da ɗan kowa ba.